Gyaran Allurar Ragowar Ƙarfi a Agogon Hannu Mai Sifirin: Jagora ga Masu Koyo

Allurar ragowar ƙarfi ita ce 'yar allurar da ke kan fuskar wasu agogunan hannu masu sifirin, wadda ke nuna awa nawa suka rage kafin agogo ya tsaya. Tana hawa idan an wana agogo, tana sauka a hankali yayin da yake tafiya. Masu koyon gyara sukan ɗauka ƙarfin sifirin take aunawa, kuma daga wannan fahimta ce kurakuransu suke fitowa: a canza allura alhali ciwon yana cikin ganga, a cika faifanta da mai, ko a dasa ta inda ido ya ga ya dace. Aikinta ƙirga ne kawai. Tana ƙirga zagayen da aka naɗa wa sifirin, tana debe zagayen da ya warware, ta nuna abin da ya rage. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin kowane mataki da ke tafe.

Asalinta da yadda take aiki

An fara ganin wannan allura a manyan agogunan jiragen ruwa, waɗanda matuƙa suke dogara da su a da wajen sanin inda suke a teku. Irin su yakan yi tafiyar awa 56, ana wana shi kullum a lokaci guda, domin tsayawarsa a tsakiyar teku babban hatsari ne. A cikinsu lissafin mai sauƙi ne, saboda sandar da ake wanawa tana juyawa gaba lokacin wanawa, ta dawo baya lokacin tafiya, don haka faifai ɗaya mai haƙora ya isa ya bi ta. Kamfanin Breguet ya gwada sa allurar a agogon hannu a 1933, amma sai a 1948 Jaeger-LeCoultre na Siwizalan ya fitar da ita kasuwa da yawa a samfurin Powermatic mai inji lamba 481, wanda ke nuna ragowar awoyi ta wata 'yar taga. A yau ana samun ta a injunan da ba su da tsada sosai, kamar ETA 2897, Miyota 9100, Seiko 6R27 da agogunan Orient da dama, kuma su ne suka fi zuwa teburin mai gyara.

A agogon hannu lamarin ya fi wuya. Sifirin yana naɗe cikin wata 'yar ganga mai haƙora a gefenta. Bakinsa na ciki yana maƙale da sandar tsakiya, na waje yana riƙe da bangon ganga. Lokacin wanawa sanda ce ke juyawa. Lokacin tafiya sanda tana tsaye, ganga ce ke juyawa tana tura sauran faifai. Abin lura shi ne su biyun ɓangare ɗaya suke juyawa, ba wanda ke komawa baya. Saboda haka ba faifai ɗaya da zai iya faɗin halin da sifirin yake ciki. Sai an haɗa juyin biyu an debe ɗaya daga ɗaya.

Abin da ke yin wannan ɗebewa shi ne difaransha, danginsu ɗaya da na ƙarƙashin mota, sai dai wannan bai kai ƙwayar gero biyu kauri ba. Yana da hanyar shiga biyu da mafita ɗaya. Hanya ta farko tana zuwa daga faifan wanawa da ke kan sandar ganga, ta biyu daga haƙoran gangar kanta, kuma a ɗaya daga cikinsu ana ƙara faifai guda domin ya juya alkiblar juyin. A tsakiyarsu akwai ƙananan faifai masu kewaya, ko ƙananan ƙwallayen ƙarfe a wasu injuna, waɗanda ke ɗauke da mafita. Idan sanda ta juya, mafita ta yi gaba; idan ganga ta juya, ta yi baya; idan duka biyun suna juyawa, kamar yadda yake a agogo mai wana kansa da ke hannun mai tafiya, mafita tana bin bambancinsu. Akwai wani tsari dabam da ke amfani da sukuru mai zare da wani ƙarfe mai siffar mazurari da ke hawa da sauka a kansa, ɗan yatsan ƙarfe yana bin gefen mazurarin yana motsa allura. Siffa ta bambanta, lissafin ɗaya ne.

Misali zai taimaka. A ce ganga tana da haƙora 84, ɗan faifan tsakiya da take turawa, wanda ke zagaye ɗaya a awa, yana da 12. Ganga za ta yi zagaye ɗaya a awa 7. Idan sifirin yana ɗaukar zagaye 6, agogo zai yi awa 42. Idan kuma allura tana tafiyar digiri 240 daga cike zuwa ƙarewa, wato kashi biyu cikin uku na zagaye, dole a rage juyin ganga sau 9 kafin ya kai gare ta. Wannan lissafi an gina shi ne a kan zagaye 6 ɗin nan. Duk abin da ya canza yawan zagayen da sifirin ke ɗauka, allura ba ta da hanyar sani, za ta ci gaba da faɗin tsohon lissafi.

Kayan aiki

- Takardar fasaha ta injin da ake gyarawa, mai nuna jerin sassa da wuraren mai. Ita ce gaba da kowace jagora, har da wannan.
- Gilashin ƙara girma na ido, mai ninki 4 domin aiki da mai ninki 10 domin bincike.
- Sukundirebobin agogo masu kaifi, da hantsaki biyu, na ƙarfe da na tagulla. Faifan difaransha sirara ne, na tagulla ne ba ya yi musu tabo.
- Mariƙin inji, abin cire tsinke, abin dasa tsinke, da 'yar leda ta kare fuska.
- Abin naɗa sifirin daidai da girman ganga.
- Ruwan wanki na agogo, ɗan itace mai tsini domin goge ramuka, danƙon Rodico, da abin hura iska na roba.
- Mai da giris: Moebius 9010 mai laushi, HP-1300 mai kauri, da giris mai birki na bangon ganga, irin Moebius 8217 ko Klüber P125.
- Na'urar sauraren bugun agogo, da waya mai kyamara, da faranti mai ɗakuna da murfi.

Man keken ɗinki da man inji ba su da wuri a nan, kuma fetur yana barin maiƙo a kan sassa bayan hatsarin gobara da yake da shi. A lokacin hunturu, ƙurar da ke shiga rumfar kasuwa cikin 'yan mintuna ta isa ta tsayar da difaransha, don haka murfin faranti kayan aiki ne na dole.

Mataki na 1: Bincike kafin a buɗe

A fara tabbatar da cewa allurar ta gaske ce. Akwai agogunan jabu da aka manna wa allura don ado, ba komai a ƙarƙashinta. Agogunan batir da na hasken rana masu nuna ragowar caji kuma wutar lantarki suke aunawa, ba su cikin wannan bayani.

Sannan a wana agogo a hankali ana kallon allura. Jinkiri kaɗan a farko ba laifi ba ne, wasan da ke tsakanin haƙora ne yake cikewa. A wana har ya cika, wanda a yawancin injuna masu wana kansu yake ɗaukar juyi 30 zuwa 40 na kan wanawa, a rubuta lokaci, a ajiye shi har ya tsaya da kansa. Wannan jira na kwana biyu shi ne masu koyo ke tsallakewa, alhali shi ke nuna inda ciwon yake. Idan allura ba ta hawa amma tana sauka, matsalar tana hanyar sanda. Idan tana hawa ba ta sauka, tana hanyar ganga. Idan ba ta motsi sam, ko dai ta saki daga kan turkenta ko kulocinta, wanda za a yi bayaninsa a mataki na 6, ya yi sako-sako. Idan kuwa tana hawa tana sauka lafiya, amma agogo ya tsaya tana nuna saura awa goma ko fiye, to galibi difaransha ba shi da laifi, kuma mataki na gaba ne zai raba gardama.

Mataki na 2: Sauke ƙarfin sifirin

Ba a kwance ko sukuru ɗaya na gadar ganga ko ta faifai, wato ƙarfen da ke riƙe su a wurinsu, alhali sifirin yana da ƙarfi. Idan aka yi haka, ƙarfin zai kuɓuce gaba ɗaya, ya karya haƙora, kuma na difaransha ne suke fara tafiya saboda sun fi ƙanƙanta. A injin mai wana kansa, a fara cire nauyin da ke juyawa a baya tare da gadarsa. Sai a riƙe kan wanawa da yatsu biyu, a ɗan juya shi gaba don makarin faifan wanawa ya saki, a janye makarin da ɗan itace, a bar kan wanawa ya riƙa zamewa baya a hankali tsakanin yatsu. Wasu tsofaffin injunan Orient ba a wana su da hannu. A irinsu ana riƙe sukurun faifan wanawa da sukundireba a sauke ta nan.

Wannan mataki gwaji ne kuma. Yayin saukewa sanda tana komawa baya, don haka allura ya kamata ta sauka har ƙasa. A agogon da ya tsaya allura tana nuna saura, a lura da abin da ya fito: idan sifirin yana da sauran ƙarfi sosai, allura gaskiya ta faɗa, datti ko busasshen mai ne ya tsayar da inji. Idan babu komai a ciki, sifirin ne ko bangon ganga.

Mataki na 3: Cire tsinkaye da fuska

A shimfiɗa leda a kan fuska, a ɗaga tsinken awa da na minti, sannan allurar ƙarfi ita kaɗai, a miƙe tsaye. Turken da take kai siriri ne, karkata kaɗan tana lanƙwasa shi. A agogunan shekarun 1940 da 1950, fentin da ke haske da dare yakan ƙunshi sinadarin rediyam mai cutarwa: kada a kankare shi, kada a hura shi da baki, a sa safar hannu, a wanke hannu bayan aiki.

Da an ɗaga fuska, a ɗauki hoto kafin a taɓa komai, a sake ɗauka bayan cire kowace gada. Faifan difaransha na sama da na ƙasa sukan yi kama ƙwarai, amma yawan haƙoransu ko tsayin wuyansu ya bambanta. Idan aka musanya su, allura za ta yi saurin hawa fiye da sauka, ko inji ya cije da an ɗaure gada. Kowane faifai a ajiye shi a ɗakinsa, fuskar da ke sama tana sama. Idan difaranshan mai ƙwallaye ne, a buɗe shi cikin faranti mai zurfi.

Mataki na 4: Wanki da duba haƙora

A wanke sassa, a ɗauraye, a busar, a goge kowane rami da ɗan itace har ya fito fes. Barasar wanki tana narkar da ƙaron da ke riƙe duwatsun cokali mai yatsu na bugu, don haka wannan sashe da faifan lilo ba a jiƙa su a ciki. Da gilashi mai ninki 10 a bi haƙora ɗaya bayan ɗaya. Haƙori guda da ya lanƙwashe a hanyar ganga yana iya tsayar da agogo duk bayan wasu awoyi, kuma mai koyo zai ɓata kwanaki yana neman laifin a faifan lilo. Difaranshan da aka matse a masana'anta ba a tilasta buɗe shi. Idan ya lalace, canza shi ake yi ɗungurungum.

Mataki na 5: Ganga da sifirin

Nan ne mafi yawan ƙaryar allura take samo asali. A agogo mai wana kansa, bakin sifirin na waje ba a ɗaure yake ba. Yana da wani ƙarin harshe da ke manne da bangon ganga, idan sifirin ya cika sai harshen ya zame kaɗan, don kada nauyin da ke ta juyawa ya tsinka shi. Ana son ya zame bayan sifirin ya cika, ba kafin nan ba. Idan bangon ya sha mai mai santsi, ko ya goge, harshen zai fara zamewa tun a zagaye 4 maimakon 6. Sanda kuwa tana ci gaba da juyawa, difaransha yana ci gaba da ƙirgawa, allura ta hau har ƙarshe, alhali kashi biyu cikin uku kawai ke ciki. Agogon awa 42 zai tsaya a wajen awa 28, allura tana nuna saura 14. Karyayyen sifirin ma haka yake yi: allura ta hau, agogo ba ya tafiya.

A fitar da sifirin da yatsu biyu a kansa, fuska a nesa, domin idan ya kuɓuce yana iya shiga ido. A wanke ganga, a duba bangonta da ramukan sanda. A ɗiga giris mai birki a wurare uku ko huɗu a bango, siriri, ban da ƙasan ganga. Idan za a sa sabon sifirin, faɗinsa da kaurinsa da tsayinsa su zama na wannan inji daidai. Wanda ya fi kauri yana rage yawan zagaye, kuma ƙarfinsa yana bin kaurin sau kaurin sau kaurin a lissafi, don haka ƙari kaɗan yana sa faifan lilo ya wuce iyaka. A mayar da sifirin da abin naɗawa. Cusa shi da yatsu yana karkata shi ya riƙa gogar murfi. Kafin a ci gaba, a riƙe ganga, a juya sanda ana ƙirgawa, a tabbatar zagayen da ya ɗauka kafin zamewa sun kai abin da lissafi ya nuna.

Mataki na 6: Haɗa difaransha da kulocinsa

A haɗa shi sifirin yana sauke. Idan faifai ko bakan haƙora yana da ɗigo ko layi na alama, a daidaita su kamar yadda takardar fasaha ta nuna. Wannan ya fi muhimmanci a injunan da allurarsu ke da iko a kan tafiya: injin IWC na kwana 7, alal misali, yana tsayar da agogo da gangan bayan awa 168, kafin sifirin ya yi raunin da zai ɓata lokaci, kuma kuskuren haƙori kaɗan yana gusar da wannan iyaka. A ɗora gada ba tare da dannawa ba, a taɓa kowane faifai da ɗan itace har turakunsu su faɗa ramukansu, sannan a ɗaure. Kowane faifai ya kasance yana da ɗan wasa sama da ƙasa.

Tun da sanda tana ci gaba da juyawa bayan sifirin ya cika, injin mai wana kansa yana da kuloci mai zamewa tsakanin difaransha da allura, da fegi da ke tsayar da ita a ƙarshe. Idan kulocin ya yi sako-sako, allura ba ta hawa, ko ta yi tsalle da an girgiza hannu. Idan ya yi tauri, yana ɗora wa hanyar wanawa nauyi, haƙora su ci juna, a wasu injuna har ya tsayar da agogo idan allura ta kai ƙasa. Ana gwada shi da ɗan itace: ya zame da santsi, da turjiya kaɗan iri ɗaya a duk zagayen. Matse shi da hantsaki a kan zato ɓarna ce da ba ta gyaruwa.

Mataki na 7: Mai

Waɗannan faifai suna juyawa a hankali ƙwarai, ba su ɗauke da nauyi, don haka ɗigon da ido ke gani da ƙyar ya ishe su. HP-1300 a sandar ganga da turakun da ke ɗaukar matsi, 9010 a inda takarda ta ce, haƙora kuwa a bushe. Mai a tsakanin faifai biyu da ke kwance kan juna yana manne su, difaransha ya koma dunƙule ɗaya. Kuloci kuma wasu kamfanoni suna son giris kaɗan a kansa, wasu a bushe. Takardar injin ce ke yanke hukunci.

Mataki na 8: Dasa allura

A mayar da fuska, a wana agogo har ya cika. A mai wana kansa a ƙara juyi kamar goma, domin kuloci ya kai turken allura kan feginsa. A wanda ake wanawa da hannu kawai, a tsaya da an ji ya ƙi gaba. Sannan a dasa allura a kan alamar cike. Dalilin zaɓen sama shi ne wuri ne tabbatacce, ƙasa kuwa ba ta da iyaka ɗaya, tun da inji mai tsabta yana cin sifirin fiye da mai datti kafin ya tsaya. Idan takardar fasaha ta ce a dasa a ƙasa, a bi ta. A danna a miƙe, a duba ta gefe cewa allura ba ta gogar fuska kuma tsinken awa yana wucewa ta samanta, a zagaya tsinkaye awa 12 cikakku don tabbatarwa. A agogunan Jamus irin Lange 1 na 1994, mai awa 72, AUF shi ne cike, AB shi ne ƙarewa. Dasa allura a juye a irin wannan fuska kuskure ne.

Mataki na 9: Gwajin ƙarshe

A ɗora agogo a na'urar sauraro yana cike, fuska sama. Faɗin lilo a inji mai lafiya na Siwizalan yakan kasance tsakanin digiri 270 da 310, injunan Seiko da Orient kuma sukan yi ƙasa da haka kaɗan ba tare da laifi ba. Idan adadin ya faɗi sosai bayan an haɗa difaransha idan aka kwatanta da kafin a haɗa, wani abu yana cijewa a hanyar ganga. A sake aunawa bayan awa 24, a duba allura a lokacin: a injin awa 42 ya kamata ta ɗan wuce rabi zuwa ƙasa. A yawancin agoguna tafiyarta daidai take daga farko zuwa ƙarshe, amma Oris 110 na 2014, mai kwana 10, an ƙera shi ne allurarsa ta ƙara sauri idan ƙarfi ya kusa ƙarewa, kuma tazarar alamomin fuskarsa ta nuna haka.

A bar agogo har ya tsaya. Idan ya wuce adadin da kamfani ya faɗa da awa biyu ko uku, allura tana zaune a ƙasa, wannan daidai ne, domin kamfanoni sukan bar rara. A mai wana kansa a ƙara gwaji ɗaya: a sauke shi, a ɗora a na'urar juyawa ko a ɗaura a hannu yini guda, a ga allura ta hau ba tare da an taɓa kan wanawa ba. Duka gwajin yana cin kwana uku zuwa huɗu a injin awa 42, kuma ba a mayar wa mai shi agogo kafin a kammala shi.